Basakkwace da mafarkin rumfar tiki: wane gari zan koma?

Na san dariya za ku yi, to bari in riga ku. Mutumin Sakkwato, wanda a watan Afrilu ko ƙyauren ƙarfen gidansu ba ya iya dafawa da azahar, wai shi ne zaune da waya yana jan taswira yana neman gari mai ɗumi da zai koma da zama. Duk wanda na gaya ma sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce kai wane ɗumi kake nema bayan wanga da Allah ya ba mu kyauta, ko gasa kanka kake son yi? Ni dai ban fasa ba, kuma tun da na shiga binciken na gane zaɓen garin ya fi kafa rumfar wuya nesa ba kusa ba.

Sana'ata lemo ce. Ina da ɗan shago ta wajen Mabera, muna haɗa abarba da kankana da citta, ga kunun aya ga soɓo, da azumi kuma rabin cinikin ƙanƙara ce. Wajen neman yadda zan gyara shagon ya yi kyau ne na faɗa cikin hotunan wasu wurare a Instagram da YouTube, rufin ciyawa, bango an lulluɓe shi da gora da tabarma, fitilu masu ɗan haske ja-ja an rataye su cikin ragar kamun kifi, kofuna an cika su da niƙaƙƙiyar ƙanƙara an soka ganyen na'ana'a da yankan abarba a baki, masu wurin kuma cikin riguna masu zanen furanni kowa da silifas. Tiki ake ce ma salon. Akwai mutane a Amurka da Turai da abin ya shiga jininsu, gidansu da suturarsu da kiɗan da suke ji duk sun mai da su haka, kuma burin da yawansu shi ne wata rana su tattara komatsai su bar garin dusar ƙanƙara su koma inda ba a buƙatar rigar sanyi shekara ta zagayo. Ni ma ciwon ya kama ni, sai dai ni daga ɗaya ɓangaren nake gudu.

Abin da ya fara ba ni mamaki, ashe salon ba daga wani tsibiri ya fito ba, a Kalifoniya anka ƙirƙire shi. Amurka ta hana sayar da giya daga 1920 zuwa 1933, ana ɗage dokar sai wani mutum mai suna Ernest Gantt, wanda ya yi yawon teku da ƙuruciyarsa, ya buɗe ɗan wuri a Hollywood da anka sani da Don the Beachcomber, ya cika shi da tarkacen da ya kwaso a tafiye-tafiye, daga baya ma shi kansa ya sauya suna ya koma Donn Beach. Wani kuma Victor Bergeron a Oakland ya ga kasuwa na ci, ya juya nasa wurin ya koma Trader Vic's, shi ne ya ce shi ya fara haɗa abin shan nan Mai Tai a 1944. Giyar raken da suke zubawa daga Karibiyan take zuwa, abincin da suke sayarwa akasari girkin 'yan Sin ne, adon ne kawai anka aro daga tsibiran Fasifik. Sai yaƙin duniya na biyu ya ƙare sojoji sunka dawo daga can da labari a baki, a 1947 kuma ɗan Norway ɗin nan Thor Heyerdahl shi da mutum 5 sunka ɗaure gungumomin itace da igiya sunka sa ma jirgin suna Kon-Tiki, sunka tashi daga Peru iska da ruwa na tura su kwana 101 har tsibiran Tuamotu, duniya ta ɗauka. A 1959 Hawaii ta zama jiha ta 50 a Amurka. Shi ke nan abu ya cika gari, otal da gidan abinci kowa na rufin ciyawa, har shekarun 1970 da anka gaji da shi, sai a shekarun 1990 wasu sunka sake tono shi.

Wanga tarihi ya sauke min nauyi sosai. Tunda mutanen birni ne sunka zauna cikin ɗaki sunka zana tsibirin da babu irinsa a ko'ina, to ba wanda zai ce min dole sai na je Hawaii kafin abin ya karɓu.

Amma akwai abu biyu da ba za su shiga gidana ba, giya da gumaka. Maganar giya ba ta buƙatar dogon bayani. Gumakan kuwa, waɗannan fuskokin da ake sassaƙawa a gungume da manyan idanu da buɗaɗɗen baki, ba ado ba ne a wurin masu su, a wajen Mawori na New Zealand da mutanen Marquesas da na Hawaii siffofin kakanni ne da abubuwan bauta, a Hawaii ma suna da sunaye irin su Ku da Lono. Na tambayi malaminmu na zaure, bai ma bari na ƙarasa ba ya karanto min hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da irin waɗanga siffofi, ya ce ka yi rumfarka ka sayar da lemonka ka bar ma masu abu abinsu. Kuma gaskiya ko ba don addini ba, da yawa daga 'yan asalin tsibiran ba sa jin daɗin ganin an mai da abin girmamawarsu kofin shan giya. Mutanen Hawaii da sarautarsu suke, a 1893 anka tumɓuke sarauniyarsu Lili'uokalani, a 1898 Amurka ta haɗiye ƙasar, shekara 5 ke nan kafin Turawan Ingila su shigo Sakkwato a Maris na 1903. Ka ƙaddara ka shiga wata mashaya a Landan ka tarar sun rataye allo da rubutun almajiri a bango wai ado, yadda ranka zai ɓaci haka nasu ke ɓaci. Ni ƙwarya sassaƙaƙƙa ta ishe ni, da faifai, da dagi a jikin ginshiƙi.

To in ka cire waɗanga biyun mi ya saura? Ya saura inuwa, iska mai ratsa ciyawa, ruwa a gaban ido, 'ya'yan itace sababbin tsinka, da zama ba gaggawa. Ya kuma saura fasahar haɗin, wadda ita ce ta fi jan hankalina a matsayina na mai lemo. Su masu abin ba sa dogara da zaƙi kaɗai, kowane kofi sai an daidaita tsami da zaƙi da ƙamshin kayan yaji, lemon tsami da garehul a gefe guda, ruwan sukari da anka dafa da kirfa ko kanumfari ko citta a ɗaya gefen, wani lokaci da madarar almon, sannan a cika da ƙanƙara niƙaƙƙa don ta riƙa narkewa a hankali tana sassauta ƙarfin. Na gwada da abin da muke da shi, aya a madadin almon, mazarƙwaila a madadin farin sukari, tsamiya kaɗan, wallahi abin ya zauna, har masu saye sun fara tambayar mi na ƙara.

Yanzu maganar yanayi, wadda ita ce asalin rigimar. A Honolulu zafin rana yana yawo ne tsakanin digiri 27 zuwa 32 duk shekara, mafi tsananin da anka taɓa aunawa a birnin 35 ne. Mu nan 35 da bazara ai ranar hutu ce. Daga Maris zuwa Mayu 40 zuwa 43 ba labari ba ne, iskar da ke kaɗawa ma zafi take kawowa, fanka sai dai ta juya maka shi, kuma wanda ya yi azumin 2021 da 2022 da 2023 a garin ga, lokacin da watan ya faɗo tsakiyar Afrilu, ba ya buƙatar in yi masa bayani. Sannan a Disamba da Janairu a juya maka da hunturu, hazo ya rufe gari, leɓe ya tsage, da asuba ka nemi bargo da ruwan zafi na alwala. Abin da masu tiki ke bi shi ne wurin da ba ya hawa sama sosai ba ya sauka ƙasa sosai, kuma teku ke yin wannan aikin, don ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi ba ya saurin sakinsa, da rana iska ta taso daga teku zuwa tudu, da dare ta juya. Mu kuwa tsakaninmu da teku kusan kilomita 1,000 ne ta hanya.

Na yi tunanin in yi abina a gida, kada ku ce ban yi ba. Ai muna da ruwa, ga Rima ta wajen Kwalkwalawa a hanyar jami'a, ga dam ɗin Goronyo, ga fadamun Wurno da Kware, kuma wajen aikin ciyawa ba wanda zai koya mana, zana da asabari da jinka da azarar giginya gadonmu ne. Sai dai bakin gulbi ba wurin wasa ba ne, ambaliyar 2010 har hanyar jami'a ta yanke. Rufin ciyawa kuma a iskar hunturu tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Ga babbar matsala, kwakwa ba ta son ƙasarmu. Tana son ruwan sama wajen milimita 1,500 ko fiye a shekara da iska mai laima, mu kuma abin da muke samu bai wuce 600 zuwa 700 ba, shi ma akasari daga Yuni zuwa Satumba, da rani kuwa ko ɗigo. Namu su ne giginya da goruba da dabino. Abarbar da nake sayarwa daga kudu take zuwa a bayan mota, kafin ta iso Kasuwar Daji wata ta fara ruwa wata an tsinke ta ɗanya don ta jure hanya, kuɗin mota kuma ya hau kanta.

To sai na fara bin garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Hawaii na fara dubawa don ita ce a bakin kowa, kuma ita na fara sokewa. Tazararta da Kalifoniya ta kusa kilomita 4,000, mafi yawan abincinsu a jirgin ruwa yake zuwa, ga wata doka ta 1920 da ake kira Jones Act da ta ce kayan da za a ɗauka tsakanin tashoshin Amurka sai a jirgin da anka ƙera a Amurka kuma mallakar 'yan ƙasar, wanda ke ƙara tsadar komai. Kuɗin wutarsu ya fi na kowace jiha, haya kuwa 'yan asalin wurin ma barin tsibirin suke yi saboda ita. Kuma ba aljanna ba ce yadda hoto ke nunawa, gobarar Lahaina a Agusta 2023 ta ci kimanin mutum 100 ta share gari guda. Ban ma zo kan biza da fasfon Najeriya ba. Tsakaninmu da su awa 11, kana sallar asuba nan su ko magariba ta jiya suke shiri.

Florida tana cikin wuraren da Amurkawa masu son abin ke komawa, akwai tsohon gidan nan Mai-Kai a Fort Lauderdale tun 1956, rumfunan ciyawar da ake gani ko'ina a jihar kuma asalinsu ginin ƙabilar Seminole ne. Amma daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba kowace shekara lokacin guguwa ne, inshorar gida ta zama abin kuka. Tahiti kuwa ƙarƙashin Faransa take, can ƙarshen duniya, kuɗin jirgin iyalina zuwa can kaɗai ya sayi fili a unguwar Arkilla ta nan Sakkwato. Na wuce.

Inda zuciyata ta tsaya da gaske Zanzibar ne. Musulmi ne mafi yawa, za ka ji kiran salla kana bakin ruwa, ba ka tambayar wa ya yanka naman, ga kwakwa ga kanumfari da kirfa a gona ba a leda ba, rufin da suke yi da ganyen kwakwa mai suna makuti shi ne daidai abin da nake gani a hotuna, tsohon garinsu Stone Town kuma yana cikin wuraren tarihin UNESCO tun 2000. Gabar gabas ɗin tsibirin tana da duwatsun murjani da ke tare igiyar ruwa daga nesa, shi ya sa ruwan bakin gaɓa yake kwance shuɗi. Amma baƙo ba ya mallakar ƙasa a can sai dai haya ta dogon lokaci, mai fasfon Najeriya sai ya nemi izinin shiga Tanzaniya tun kafin ya tashi, tun Oktoba 2024 ma duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya biya dala 44 na inshora, ga Swahili da zan fara daga baƙi da wasali, ga manyan otal-otal na Turawa da zan yi gogayya da su da ɗan jarina na naira. Maleshiya da Lombok ta Indonesiya ma na leƙa su, Musulmi da kwakwa duk akwai, sai dai shirin zama na dogon lokaci a Maleshiya sai ka ajiye dala masu yawa a banki, ba na irinmu ba ne.

Wadda ta yanke maganar ƙasashen nesa gaba ɗaya Inna ce. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana. Na zauna ina nuna mata hotunan a waya ina zuba, ta karɓa ta nisanta da ido ta duba, ta miƙo min ta ce, "Kai wanga yaro, mi kaka nema bakin teku, kihi kaka son zama?" Na ce Inna sana'a ce da lafiyar jiki, zafin nan yana cin mutum. Ta ce, "To na ji. In ta Allah ta kasance gare ni da hantsi, yaushe za ka iso?" Ban da amsa. Mu ba a ajiye gawa a jira wanda ke wata nahiya, kafin la'asar an kai mutum makwancinsa. Tun ranar ma'aunina ya sauya, duk garin da ba zan iya tashi da safe in kwana Sakkwato ba na cire shi, ko da kuwa ruwansa zuma ne.

Saura gabar Afirka ta Yamma ke nan, kuma a nan fasfonmu yana da daraja, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ka kwana 90 ba biza. Gana na fara dubawa saboda Hausa na ci a can, daga Nima zuwa Sabon Zango a Akara har Kumasi da Takoradi ba za ka rasa wanda zai ce maka sannu da zuwa ba, mutanenmu masu albasa ma sun san hanya. Wani abin mamaki, Akara kanta ba ta da ruwan sama sosai, kusan ɗaya take da mu a adadi, sai ka yi yamma wajen Axim da Busua sannan za ka ga daji kore da kwakwa, can ruwan ya haura milimita 2,000. Sai dai kwakwar yankin ta sha fama da wata cuta da ke sa ganye ya yi rawaya itacen ya mutu a tsaye, wadda anka fara gani a Cape St Paul, can gabar gabashin Gana. Tsarin mulkinsu na 1992 ya ce baƙo ba ya riƙe fili fiye da shekara 50, wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni dokar zuba jarinsu ta 2013, wadda ta keɓe ƙananan kasuwanci ga 'yan ƙasa ta kuma gindaya ma baƙo mai saye da sayarwa jarin dala miliyan 1, ita ce anka riƙa rufe shagunan 'yan Najeriya da ita a Akara da Kumasi. Mai lemo da firiza biyu ba ya shiga wagga rigima.

Jamhuriyar Benin ta fi kusa, kuma daga Kwatano zuwa Wida zuwa Grand-Popo kwakwa ce jere a bakin teku, ga abarbar Allada doguwar nan mai farin ciki da zaƙi wadda duk mai lemo ya san ta, ga Zango a Kwatano. Matsalar Faransanci ne da sefa. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowace yuro ɗaya ba ta motsi, naira kuwa tun da anka sake ta a Yunin 2023 kun san inda ta kai mu, duk abin da na tara in na canza shi sai ya koma ɗan kaɗan. Kuma Wida ita ce cibiyar masu bautar vodun, har biki suke yi duk watan Janairu, mutumin da ya gudu daga gunkin ado ya je ya tare a unguwar na gaske, ai abin ya zama wasa.

Haka na zagayo na dawo cikin Najeriya, Badagiri. Na sha zuwa Legas sarin kayan shago, kuma in na samu sarari nakan bi ta can wajen 'yan uwanmu da ke harka a hanyar Seme, bakin iyakarmu da Benin. Garin yana bakin wani rafi ne mai faɗi kwance, sai ka haye shi da kwalekwale ka ratsa yashi da gonakin kwakwa sannan ka iske teku, a tsibirin Gberefu ke nan inda anka riƙa fita da bayi. Yankin na cikin inda anka fi noman kwakwa a ƙasar nan, abarbar Benin kuma tana tsallako iyaka da safe ta iso hannunka ba ta kwana a mota ba. Na tsaya na kalli wani dattijo ɗan ƙabilar Ogu ta yankin yana saƙa ganyen kwakwa, ya tsaga reshen biyu ta tsakiya, ya riƙa karya kowane zare yana cusa shi ƙarƙashin na gaba yana ja da babban yatsa, ƙafarsa ta danne gindin, ko kallon hannunsa ba ya yi yana ta hira da na kusa da shi, kafin in gama shan ruwan kwakwar da ke hannuna ya jefa ɗaya kan tari ya jawo wani. Ba biza, ba canjin kuɗi, akwai masallatai, akwai jirgi daga Legas zuwa filin Sultan Abubakar III, ga kuma babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri mai fiye da kilomita 1,000 da anka ƙaddamar da aikinta a 2024 ta wajen Illela, wadda anka daɗe ana maganarta tun zamanin Shagari. Ba na gina lissafina a kan hanyar da ba a gama ba, amma dai sunan garuruwan biyu a allo ɗaya ya yi min daɗi.

Kada wani ya ɗauka na makance. Laima tana da nata haraji, kuma mu mutanen busasshiyar ƙasa ba mu san shi ba sai mun je. Digiri 31 a can yana iya fin 38 na nan takura, don gumi ba ya bushewa, ka yi wanka ka fito kana goge jiki kana sake jiƙewa. Randar Inna da ke ƙarƙashin darbejiya ruwanta har haƙori yake kamawa da bazara, dalili kuwa ruwan na tsattsafowa ta jikin yumɓu busasshiyar iska na kwashe shi tana tafiya da zafin, to kai randar nan bakin teku za ta zama tukunya kawai, don iskar can ta riga ta ƙoshi da ruwa. Ma'ana komai sai firiza, firiza kuma sai wuta, wuta kuma sai sola da batir, a wurin da hadari ke rufe rana kwana da kwanaki a Yuni da Yuli. Takalmin fatar jar akuyarmu da muke taƙama da shi mako kaɗan zai yi furfurar funfuna a ƙarƙashin gado, littattafai su kumbura, kilishi ya yi laushi. Iskar gishiri tana cin kwano da ƙusa da mashin da janareto. Sauro a nan da damina yake tashi, a can ba shi da hutu, duk da dai in ka auna mu ma muna da sanƙarau da bazara wanda su bai cika damunsu ba. Rijiya kusa da teku sau da yawa ruwanta da gishiri-gishiri, mai sana'ar lemo kuwa ruwa ne jarinsa na farko. Tekun namu kuma ba irin na hoton Zanzibar ba ne, babu abin da ke tare igiyar, tana zuwa da ƙarfi tana ja ta ƙasa, masu iyo na gaske ma suna shakkarta, shi ya sa ni bakin rafin nake so ba bakin tekun ba, in yara sun zo hankalina ya kwanta.

Sai maganar fili, wadda duk wanda ya san Legas ya san ta. Ka biya wannan gobe wani ya zo ya ce na kakansa ne, ka fara gini wasu matasa su zo su ce sai ka biya kuɗin aza tubali. Ga zaizayar gaɓa, inda kwakwa take bara bana ruwa ne. Don haka ba zan sayi ko taku ɗaya ba yanzu. Haya zan kama, kuma ba a Disamba ba lokacin da gari ya yi kyau 'yan yawon shaƙatawa sun cika ko'ina, a tsakiyar Yuni zan je lokacin da ruwa ke zuba ba ƙaƙƙautawa, in ga inda yake kwanciya a unguwa, in ɗanɗana rijiya da bakina, in ga ko hanyar Legas zuwa Badagiri na barin masu saye su iso ranar Asabar, in kuma ga su wa za su sha lemon da ba giya a cikinsa a farashin da zai biya min haya. Ina zaton akwai su, iyalai Musulmi da Kiristocin da ba sa sha suna da yawa a Legas kuma ba su da wurin zama irin wanga, amma zato ba ya biyan kuɗin makaranta. Shagon Mabera ƙanena zai riƙe, ba zan rufe shi ba.

Maman yara ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba, abin da ba ta saba ba. Da na gama ta ce, "Malam, ka je ka gani tukuna, mu muna nan sai ka samu gida mai ruwan daɗi da Islamiyya kusa." Sannan ta kawo nata sharaɗin, in har an koma, duk wata sai an aiko mata da gero da daddawa da kuka daga Sakkwato, don ita ba za ta dama fura da geron da ba ta san gonarsa ba. Na tambayi direbobin da ke lodin Legas nawa suke ɗaukar buhu, na sa kuɗin cikin lissafin wata, ƙasan kuɗin haya, saman na batirin sola.